Wace Kyamara Zan Saya Don Hoton Biki?

Duk matashin da ya fara sha'awar ɗaukar hoton biki, tambayarsa ta farko ke nan. Yawanci ma yana yin ta ne da amsa a ransa, domin ya riga ya hango wata baƙar kyamara mai dogon lens rataye a wuyan wani a wurin dina, ya ƙudurta cewa sirrin duka a cikinta yake. Iyayen amarya su ma da tasu tambayar: me ya sa wannan mai hoton ya yanka kuɗi kaza, wancan ya ninka, alhali dukansu maɓalli ɗaya za su danna?

Amsar tambayoyin biyu daga tushe ɗaya take. Biki ba a sake shi. Mai hoton shago in hoto ya ɓaci sai ya ce a gyara tsayuwa a ƙara ɗauka. Amma liman ba zai maimaita siga don katinka ya cika ba, uwar amarya kuma ba za ta sake rungumar 'yarta a bakin ƙofa don batirinka ya mutu ba. Saboda haka duk abin da za ka saya, ka fara auna shi da wannan: in ya ƙi aiki ana tsakiyar ɗaurin aure, me zan yi?

Jikin kyamara

Kyamarorin aiki iri biyu ne a kasuwa yanzu. Akwai masu madubi a ciki, waɗanda ake kira DSLR, irin su Canon 5D Mark III ta 2012 da Nikon D750 ta 2014. Akwai kuma marasa madubi, waɗanda suka mamaye kasuwa tun bayan da Sony ta fitar da A7 a 2013, sannan Canon da Nikon suka biyo baya da irinta a 2018. Marasa madubin sun fi sauƙin nauyi, suna nuna maka hasken hoton kafin ka danna, kuma sababbinsu suna bin idon mutum da kansu duk inda ya juya. Masu madubin kuwa sun fi riƙe caji, kuma na hannunsu sun yi araha sosai tunda kamfanoni sun juya musu baya. A ma'aunin kamfani, batirin D750 yana ɗaukar hoto 1,230, na Sony A7 III kuwa kimanin 700. Ga wanda zai wuni a ƙauyen da ba wuta, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Sai girman sensa, wato farantin da haske ke sauka a kansa. Cikakkiyar sensa tana da faɗin milimita 36 da tsawon 24. Ƙaramar, wadda ake kira APS-C, ba ta kai rabin wannan fili ba. Babbar ta fi iya aiki a duhu, kuma biki rabinsa a duhu ake yin sa. Duk da haka ƙaramar ba abin rainawa ba ce, mutane da yawa sun ci abinci da ita shekara da shekaru.

Yawan megafiksel kuwa, kada ya ɗauke maka hankali. Kyamara mai 24 tana fitar da hoton da za a wanke shi inci 20 a inci 13 ya fito tas, ya fi girman yawancin abin da ake ratayawa a falo. Galibin hotunanka ma a WhatsApp da Instagram za su ƙare, inda ake matse su har su koma ɗan kaɗan daga asalin girmansu.

Abin da na fi so ka duba shi ne ramin kati. Kyamara mai rami biyu tana rubuta kowane hoto a kati biyu lokaci guda, in ɗaya ya lalace ɗayan yana nan. 5D Mark III da D750 da A7 III da Canon R6 duk suna da biyu. Canon 6D da EOS R ta farko da Nikon Z6 ta farko ɗaya suke da shi, duk da kyawun hotonsu. Katin kansa ka saye shi a wurin da ka amince da shi, domin jabun kati ya cika kasuwa, a rubuta 128GB a jiki alhali cikinsa bai kai haka ba. Araha ba ta ado. In kuma ta hannu za ka saya, ka sa a duba maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka. Kamfanonin sun gwada 5D Mark III da D750 a kan dannawa 150,000. Wadda ta kusa kai nan tana iya ci gaba da aiki, amma ba a farashin sabuwa ba.

Kuma da ka tara kuɗinka kaf a kan kyamara ɗaya mai tsada, gara ka sayi matsakaita biyu. In ba hali, ka yi hayar ta biyun ranar biki.

Lens, inda kuɗin ya kamata ya tafi

Jikin kyamara yana tsufa cikin 'yan shekaru, lens mai kyau kuwa sai ya yi shekara goma sha yana aiki. Lambobi biyu ake karantawa a jikinsa. Ta farko milimita ce: ƙaramar lamba kamar 24 tana kwaso fili mai faɗi, babba kamar 200 tana jawo na nesa. Ta biyu ita ce mai harafin f, tana faɗin iyakar buɗewar ƙofar haske, kuma a juye take: f/1.8 ƙofa ce babba, f/8 ƙarama.

Lens ɗin da ake haɗowa da kyamara, mai 18-55, in ka jawo shi ƙarshe ƙofarsa ba ta wuce f/5.6. Lens mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan. Shi ya sa abu na farko da nake ba mai farawa shawarar saya shi ne 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a wurin kowane kamfani. Da shi kaɗai za ka ɗauki amarya a ɗakinta da hasken taga, bayanta ya narke, idonta ya fito.

Masu aikin da suka kafu galibi biyu suke riƙewa: 24-70mm f/2.8 a kyamara ɗaya, 70-200mm f/2.8 a ɗayar. Na farkon shi ne na cunkoso da hoton dangi. Na biyun shi ne na satar fuska daga nesa, kakar amarya tana share hawaye da gefen mayafi ba ta san da kai ba. Sai dai nauyinsa ya kai kilo ɗaya da rabi, kafaɗarka za ta gaya maka kafin la'asar. Wasu sun fi son 35mm da 85mm, marasa zuƙowa, masu sauƙi da kaifi, su riƙa matsawa da ƙafarsu. Kowanne ya yi. Abin da ba ya yi shi ne ka matsa dab da fuskar amarya da 24mm, hanci zai yi girma, kunne ya gudu baya, kuma ba za ta yafe maka ba.

Lalle yana da nasa haƙƙi. Mai lalle ta shafe awanni tana zana ja da baƙi a hannu da ƙafa, kuma cikin mako biyu zai goge, hoton ne kaɗai zai rage. Lens na 50mm yana iya matsawa har kusan santimita 35 zuwa 45, ya isa ɗaukar tafin hannu. Zobe da ɗan kunne kuwa sai lens na ƙananan abubuwa, irin mai 90 ko 100mm.

Duwatsun murhu uku

Hasken hoto a kan abu uku yake zaune, kamar tukunya a kan duwatsun murhu: in ka janye ɗaya, dole ka gyara sauran, in ba haka ba ta karkace. Na farko ƙofar haske, wadda muka ambata. Na biyu saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga. Na uku ISO, wato ƙarfin da ake ƙara wa abin da sensa ta kama.

Kowanne yana da farashinsa. In ka buɗe ƙofa sosai, haske zai samu, amma abin da zai fito da kaifi ya zama siriri. A f/1.8 ango zai fito, abokinsa da ke taku ɗaya a bayansa ya yi dishi-dishi. Wannan abin so ne a hoton mutum ɗaya, amma a hoton dangi masu sahu biyu ko uku ɓarna ce. Can sai ka rufe zuwa f/5.6 ko f/8, ka saita kaifin a sahun gaba ko na biyu.

In ka rage saurin ƙiftawa, haske zai ƙaru, amma motsi zai shafe. Mutanen da ke zaune ko tsaye 1/125 ya ishe su. Amarya mai tafiya tana son 1/250. Filin rawa da lokacin liƙi, inda hannuwa ke tashi, sai 1/500 in ba ka da filasha. Akwai kuma rawar hannunka kai kanka: tsohuwar ƙa'ida ita ce kada saurin ya gaza lambar lens, wato a 200mm kada ka sauka ƙasa da 1/200.

ISO kuwa in ya hau, hoto yana yin tsakuwa-tsakuwa. Masu koyo suna tsoron wannan fiye da kima. Kyamarori masu cikakkiyar sensa na shekarun nan suna ba da hoto mai kyau a 3200, har 6400. Tsakuwa ana rage ta a kwamfuta. Fuskar da motsi ya shafe ba mai dawo da ita.

Farar shadda da baƙar fata

A nan ne aikin biki a ƙasar Hausa ya fi wuya, kuma littattafan waje ba su cika tsayawa a kansa ba. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa in an cakuɗa shi zai zama ruwan toka matsakaici. To ga ango da abokansa goma, duk cikin farar shadda mai ɗaukar ido, an buga ta tana ƙyalli. Kyamara ta ga fari ya yi yawa, sai ta rage haske don ta mai da shi toka-toka. Riga ta dusashe, fuskoki kuma su nutse cikin duhu, ba ka ganin komai sai haƙora. In ka ƙara haske don fuska ta fito, sai rigar ta ƙone, aikin da mai ɗinki ya yi a wuyan babbar riga, fari a kan fari, ya ɓace ɓat.

Matsalar tana da tarihi. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya don su daidaita launin injinansu da fatarta, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da mai mata masu launin fata daban-daban. Kyamarorin yau sun wuce wannan nesa ba kusa ba, amma har yanzu ba su san wane ne ango ba sai ka nuna musu.

Mafita uku ce, kuma tare suke tafiya. Ka ɗauki hoto a tsarin RAW, wanda ke ajiye duk abin da sensa ta gani, ba JPEG kaɗai ba, wanda ke zubar da mafi yawansa. Ka kunna alamar da ke walƙiya a allon kyamara duk inda fari ya ƙone, ka ƙara haske har rigar ta kusa fara walƙiya, ka tsaya nan. Sannan ka kai wa fuska haske nata na daban, da filasha ko da faifan mayar da haske, ko ka juya mutum ya fuskanci inda haske ke fitowa. Baƙar fata tana da sheƙi, kuma sheƙin nan shi ke fito da siffar goshi da kumatu. Haske mai faɗi da taushi daga gefe yana ƙawata ta. Ƙaramin haske mai ƙarfi daga gaba kuwa sai ya bar farin tabo a goshi da hanci kamar mutum ya yi gumi.

Ina da ra'ayi a nan, ba kuma zan ɓoye shi ba. Haskaka fuska daban, sauya wa mutum launi daban. Hotunan da ake mai da amarya fara sol har gwaggonta ta kasa gane ta ba gwaninta ba ce, ko da ita amaryar ce ta nema.

Ɗaurin aure

Galibi ana ɗaura aure ne tsakanin hantsi da bayan sallar Juma'a ko azahar, a masallaci ko ƙofar gida, daidai lokacin da rana ke tsakiyar ka. Babu hasken da ya fi wannan muni ga fuska. Hula da rawani suna jefa inuwa a kan ido, hanci ya jefa tasa a kan baki. Ka nemi inuwa mai faɗi, gindin darbejiya ko jikin katanga ko bakin rumfa. Ka kula da launin rumfar: shuɗiyar tamfol tana rina fuska da shadda shuɗi. In dole sai a rana, ka sa ta a bayan mutane, ka cike fuskarsu da filasha. Yawancin kyamarori ba sa haɗuwa da filasha sama da 1/200 ko 1/250 sai an kunna tsarin saurin musamman, wanda ake rubutawa HSS, don haka ka gwada shi tun a gida.

Siga kanta minti kaɗan ce. Wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, a ambaci sadaki, a shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya an ɗaura. Wanda bai iso da wuri ya gano inda waliyyi da wakili za su zauna ba, ƙeyar mutane zai ɗauka. Ka tambaya tun kafin a taru, ka nemi izinin liman in a cikin masallaci ne, ka zaɓi gefe guda ka durƙusa, kada ka riƙa tsallake manya. Hannuwan da aka ɗaga ana addu'a, miƙa sadaki, faifan goro da alawa, musabahar farko da ango zai yi da surukinsa: waɗannan huɗun in ka same su, ka samu ɗaurin aure.

Kamu da dina

Ɗakin taro wata duniya ce. Masu ado sun baza fitilu shuɗi da ja da ruwan hoda, kuma ido yana jin daɗinsu, amma a kan fata annoba ne. Hasken rana yana wajen 5500 a ma'aunin Kelvin, tsohon ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa wajen 3000, fitilun ado kuwa ba su da ma'auni ko ɗaya. Hanyar tsira ita ce ka kawo haskenka, ka bar nasu ya zama ado a baya.

Filashar da ke kan kyamara kada ka harba ta kai tsaye a fuska, musamman ga amarya mai leshi da duwatsu, kowane dutse zai mayar maka da walƙiya. Ka juya kanta sama ko gefe ta bugi farin silin ko bango ta dawo da taushi. Sai dai ɗakunan taro da yawa rufinsu ya yi nisa, ko an lulluɓe shi da yadi mai launi. A nan za ka buƙaci fitila a kan sanda da lemarta, irin su Godox AD200 da masu hoto suka runguma saboda sauƙin kuɗinta, a gefen kujerar ango da amarya, sama da kai kaɗan. Ka tuna cewa in ka ninka nisan fitila da mutum, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne zai isa gare shi. Taku biyu baya yana canza komai. Ka kuma sa yaro ya riƙe sandar, domin yara da gwaggwaro da masu rawa ba sa ganin ta.

Akwai wata matsala da ke rikita masu sabuwar kyamara: hoto ya fito da zane-zanen duhu a kwance. Wutar lantarki a Nijeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa kuma suna ƙiftawa sau 100, ido ba ya gani amma sensa tana gani. Abin ya fi tsanani in ka kunna ɗauka marar ƙara, ga kuma janareta da ba ya tsayawa a gudu ɗaya. Ka koma ɗauka mai ƙara, ka kunna tsarin hana ƙiftawar fitila in kyamararka tana da shi, ko ka sauka 1/100.

Wurin kamu, amarya takan shigo fuska a rufe. Kyamara mai bin ido za ta kama zaren mayafi ta bar idon. Ka mayar da saitin kaifi zuwa ɗigo ɗaya, ka ɗora shi da hannunka.

Ƙura, zafi da batir

A lokacin hunturu kada ka canza lens a waje. Ƙurar da ta sauka a kan sensa za ta fito ɗigo-ɗigo a kowane hoto, musamman a sararin sama da farin bango, kuma wannan wani dalili ne na riƙe kyamara biyu. Ka ajiye 'yar robar hura iska a jaka, kada ka hura da baki, kada ka goge da gefen riga. Hazon kansa ba maƙiyi ba ne, yana tausasa rana, sai dai yana kashe launi. A bazara kada ka bar jaka a motar da aka rufe. Da damina kuma in ka fito daga sanyin mota, gilashi yakan yi raɓa, ka ba shi minti kaɗan. Batir aƙalla uku ga kowace kyamara, a cike tun daren jiya, ba tare da sa rai ga soket ɗin gidan biki ba, wanda wayoyin ƙawayen amarya suka riga ka.

Wadda ba ta so a ɗauke ta

Cikin gida wurin mata ne, kuma ba kowace ce ke son kyamara ba. Wata mijinta bai yarda ba, wata mayafinta ya zame tana rawa, wata dai ba ta so. Dogon lens yana ba ka ikon ɗaukar mutum bai sani ba, amma bai ba ka izini ba. Tun wajen ciniki ka tambayi uwar biki: ina zan shiga, ina ba zan shiga ba, wa za a kauce wa? Wannan ne ma ya buɗe wa mata masu hoto kasuwa, domin suna shiga ɗakin amarya ana kwalliya, suna zama har kai amarya da buɗar kai, inda namiji zai tsaya a zaure. Namijin da ke son aikinsa ya cika, ya ɗauki mace abokiyar aiki.

Daren kai amarya ka rage filasha, ka buɗe ƙofar lens, ka ɗaga ISO, ka ja baya. Yarinyar da ke kukan rabuwa da gidansu ba ta buƙatar walƙiya a ido. Haka kuma kada hoto ɗaya ya hau shafinka na Instagram sai masu shi sun amince, kuma gara a rubuta wannan a takardar yarjejeniya.

Da ka dawo gida, kafin ka cire takalmi, ka kwafe katunan a wuri biyu daban-daban, kuma kada ka goge su sai ka miƙa aiki. Yanzu kana da hotuna dubu biyu ko uku a gabanka, amarya kuma ta fara turo saƙo tun asuba tana tambayar ina nata. Yadda za ka tace su zuwa 'yan ɗaruruwa, ka gyara launi ba tare da ka canza wa kowa kama ba, ka shirya albam, wannan kuma wani aiki ne na daban.